Ranar da Na Yi Intabiyu da Mai Katifa

Jama'a, ku gyara zama. Abin da ya faru a gidanmu ranar Asabar, ni kaina da ya faru a kaina in na tuna sai na miƙe na zagaya ɗaki na dawo na zauna.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa yake ce min, har malamanmu. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ƙididdiga nake karantawa. Ina aji biyu wani likita ya zaunar da ni ya gaya min cewa yadda ƙwaƙwalwata take aiki yana da suna, otizim. Ƙara tana shiga kaina kamar ana soka min tsinke. Ba na iya kallon idon mutum in kuma saurare shi a lokaci guda, sai dai in zaɓi ɗaya. Magana kuma yadda aka faɗe ta haka nake ɗaukarta. In ka ce min "ina zuwa", wallahi tsayawa zan yi a wurin ina jiranka. Mama tana kiran abin miskilanci. Gwaggo, yayar Babanmu, ta ce shagwaɓar boko ce, kuma aure ne maganinta. Da ma a wurin Gwaggo aure yana maganin komai, har ciwon haƙori.

A makarantarmu akwai wani ofis a ƙasan benen laburare, inda ake shirya ɗalibai masu buƙata ta musamman don neman aiki. Makafi suna zuwa, kurame suna zuwa, masu keken guragu, da irinmu waɗanda ba a ganin namu a jiki. Matar da ke riƙe da wurin Anti Mai Ofis muke ce mata. Ita ma a keke take, kuma in ta tuƙo shi a baranda har shugaban sashe matsawa yake. Ita ta gyara min sibi ɗina, wato takardar tarihin karatuna da ake miƙa wa masu ɗaukar aiki, ta rage shi daga shafi tara zuwa biyu, ina ji ina gani ta cire tarihin duk kyanwar da na taɓa kiwo. Ita ta koya min cewa in an tambaye ni raunina a intabiyu, ɗaya ake faɗa, ba a jero su duka bisa tsarin haruffa. Ta ce in ido ya gagare ni, in riƙa kallon tsakanin girar mutum.

Gwajin intabiyu na farko da ta shirya min a ofis bai yi kyau ba. Fankar sama tana wani ƙiii-ƙiii, janareto yana ruri a bayan taga, ni kuma na kafe tsakanin girar mutumin da ido har bawan Allah ya ciro hankici ya goge wurin sau biyu. Da aka tashi Anti ta ce, "Auta, ba laifinki ba ne, ɗakin ne. Kina da haƙƙin ki nemi wurin da babu hayaniya. Ina kika fi samun natsuwa?"

Na ce, "Falon Baba."

Ta yi dariya, sannan ta ga ba wasa nake ba. Ranar Laraba sai ga saƙonta:

"An dace. Ɗaya daga cikin kamfanonin da ke taimaka mana ya yarda zai turo ma'aikacinsa gida ranar Asabar ƙarfe huɗu, ya sake yi miki gwajin intabiyun. Ban san wanne za su turo ba tukuna. Ki yi shiga mai kyau, ki riga shi zama, ki miƙa masa sibi. Ki tuna, ke ma kina da tambayoyi. Maganar otizim kuma zaɓinki ne, in kin so ki faɗa, in ba ki so ba ki bari."

Na sami Mama a kicin tana goge murhu. Na ce, "Mama, ranar Asabar ƙarfe huɗu wani mutum zai zo gidan nan saboda ni. Zai yi min tambayoyi."

Ta saki tsumman. "Wa ya gaya miki?"

"Anti."

"Oh ni! Gwaggon nan taku bakinta ba ya riƙe magana. Ni da na ce a bari sai ranar, kar ki tayar mana da hankali." Ta matso tana leƙen fuskata. "To ke kin yarda?"

"Ni na nema ma."

Mama ta dafe ƙirji ta zauna a kan bokitin da ke kife. Har da ƙwalla. Ta ce, "Allah na gode maka, Auta ta yi hankali." Ni kuma na koma ɗaki zuciyata fari ƙal, ina cewa ashe Mama tana goyon bayan aikina haka ban sani ba. Kun ga inda aka fara ko? Ni ban gani ba.

Ranar Asabar tun da hantsi gidan ya rikice. Baba ya yi tafiya, don haka Gwaggo ta zo ta karɓi mulki, da jakarta mai kama da akwatin tafiya da turarenta mai sa ni atishawa. Aka sauke labulen falon ciki aka ɗaura na baƙi, mai ruwan zuma. Aka fito da kofunan da tun da aka haife ni ban taɓa ganin an sha ruwa da su ba. Na ce wa Mama ai ba sai an yi wannan wahalar ba, mutumin minti arba'in kawai zai yi.

Gwaggo ta ce, "Ji ta! Har ta yanka masa lokaci."

Na riga na goge doguwar rigata ruwan toka, mai laushi, wadda na cire wa lakabin wuya. Mama ta ɗauke ta da yatsa biyu kamar ta tsinci ɓera, ta shimfiɗa min wani leshi kore mai duwatsu. Leshin nan a jikina kamar an zuba min tururuwa ne. Amma na tuna Anti ta ce shiga mai kyau, kuma Mama ta fi ni sanin mai kyau, sai na sa rigar barci a ciki na ɗora shi a kai. Aka yafa min mayafi, aka shafa min jan baki, Gwaggo ta ja da baya ta ƙare min kallo.

"Saura abu ɗaya," in ji ta. "Maganar likitan nan, kar in ji, kar in gani. Ki yi shiru, ki sunkuyar da kai, in ya yi magana ki yi murmushi. Da ma kunya ado ce."

"Anti ta ce zaɓina ne."

"To ni ce Antin, kuma na zaɓa miki."

Ban gane ba, amma ba sabon abu ba ne Gwaggo ta faɗi abin da ban gane ba. Mama ta ce in zauna a ɗaki. Na zauna. Da huɗu ta kusa, na tuna an ce in riga shi zama, sai na ɗauki fayil ɗina na bi ta ƙofar baya na zagaya falon Baba, wanda ƙofarsa ke kallon bakin get. Na kashe fanka, na cire batirin agogon bango, na jawo teburi tsakanin kujeru biyu. Na sa abin toshe kunnena ina maimaita amsoshi a zuci. Saboda haka ban ji komai ba na abin da ya faru a tsakar gida.

Huɗu ta wuce sosai kafin inuwa ta tsaya a bakin ƙofa. Wani mutum ne mai jiki, cikin farar shadda da ta sha guga har tana ƙara in ya motsa, agogo a hannu kamar murfin kwalba, makullin mota yana lilo a yatsa. Na cire abin kunnena na miƙe.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe. Ka makara, amma ba komai. Bismillah, ga kujera."

Ya zauna a hankali yana kallona. Na miƙa masa sibi da hannu biyu. Ya karɓa, ya juya shi gaba da baya.

"Wannan fa?"

"Tarihina ne. Akwai lambobin mutum biyu a ƙasa da za su ba da shaida a kaina."

"Ikon Allah," ya ce. "Abin har ya kai haka yanzu." Ya karanta layi ɗaya da yatsa. "An ce min ba kya magana."

"Ina yi in an tambaye ni. Ka fara."

Ya gyara hula, ya yi tari. "To... me kika iya?"

Tambayar da na fi shiryawa ke nan! Na gaya masa ina iya tsefe bayanai dubbai in gano inda aka yi kuskure, ina iya zama a kan abu ɗaya tun safe har yamma ban gaji ba, kuma ba na ƙarya ko da za ta amfane ni.

"Girki fa?"

"Yana cikin aikin?"

"E to, ana so dai."

"Ba a rubuta min ba. Amma ina iya koyo in akwai horo." Na rubuta a gefen takarda. "Wace harka kuka fi ƙarfi a kai?"

Nan fuskarsa ta washe. "Katifa! Shago uku, duk katifa. Akwai mai taushi, akwai ta masu ciwon baya, akwai wadda in kika kwanta sai an tashe ki da ruwa." Ya yi ta bayani a kan soso da ƙarfen sifirin na cikin katifa har na fara jin son kamfanin, don ina girmama mutumin da ya san abu ɗaya sosai. Sai ya tsaya ya ce ko ni ma ina da abin tambaya.

Na buɗe fayil.

"Ƙarfe nawa ake farawa, ƙarfe nawa ake tashi?"

"Tashi kuma? Ai... ba a tashi."

"Hutun ƙarshen mako fa?"

"Hajiya, wane irin hutu?"

Na rubuta: babu hutu. Na ja layi a ƙarƙashi. "Wa ya riƙe matsayin kafin ni, kuma me ya sa ya bari?"

Ya sunkuyar da kai yana murza makulli. "Gaskiya an taɓa yin magana da wata, amma ba a kai ga komai ba. Ta ce wai ba ni da hira sai ta katifa."

"Wannan ba dalilin barin wuri ba ne," na ce, don gaskiya ne. Ya ɗago ya dube ni kamar na ba shi kyautar mota.

"Akwai watannin gwaji kafin a tabbatar da ni?"

"A'uzubillahi! Gwaji? A'a, a'a, mu ba ma haka. In an shiga an shiga."

"To in ban ji daɗin wurin ba, sanarwar wata nawa zan bayar kafin in tafi?"

Gumi ya fara tsattsafo masa, ga shi na kashe fanka. Ya ce, "Tun ba a fara ba?"

"An ce in tambaya tun kafin in sa hannu. Sannan ina so in riƙa yin kwana uku a mako daga nan gidanmu, sauran in zo can."

"Kwana uku a gidanku."

"E. Na fi yin ƙoƙari in babu mutane."

Ya cire hular gaba ɗaya ya ɗora a gwiwa. Ni kuwa a raina ina cewa wannan mutumin ƙwararre ne, yana yin kamar ya ruɗe don ya gwada natsuwata. Na ce masa bai tambaye ni inda nake ganin kaina nan da shekara biyar ba. Ya ce, da wata ƙaramar murya, to a ina? Na ce, "A kujerarka, in Allah ya sa ka matsa gaba." Ya waiwaya ya dubi kujerar da yake kai.

Daga nan ne na yanke shawara. Leshi yana ci na, amma na ce in ban faɗa a gwaji ba, yaushe zan iya faɗa a gaske? Ban taɓa furta kalmar a gaban baƙo ba. Na kalli tsakanin girarsa na ce:

"Akwai abin da nake so ka sani. Ina da otizim. Ba ciwo ba ne, ba ya warkewa, kuma ba ya hana ni aiki. Abin da nake buƙata shi ne wuri marar hayaniya, a riƙa gaya min abu kai tsaye, in da hali a rubuce."

Zuciyata kamar ta faso leshin ta fito. Can ya matso da kujera, ya rage murya kamar likita.

"A kan wace irin katifa kike kwana?"

"Ban sani ba. Ta yayata ce da ta bari."

Ya buga cinya. "Shi ke nan! Wallahi rabin abin da ke damun mutane katifa ce."

Ban san me zan rubuta ba. Ina cikin tunanin ko wannan ma gwaji ne, wayata ta yi haske a kan teburi. Anti Mai Ofis:

"Auta kina ina?? Mutumin kamfani ya turo min saƙo. Ya ce ya fi awa ɗaya a gidanku bai gan ki ba. Ya ce wata mata tana tambayarsa sunan kakansa. Ya ce in taimake shi."

Na karanta sau biyu. Na dubi mutumin da ke gabana, yana ninke sibi ɗina yana sakawa a aljihun gaba, wajen zuciya.

"Ranka ya daɗe, wa ya turo ka?"

"Innata mana. Ƙawar Gwaggonki. Ba ita ta haɗa ba?"

"Haɗa me?"

Ya yi wani murmushi yana kallon ƙasa. Jama'a, a nan ne duk maganganun satin suka dawo min ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta juya ta nuna min ɗaya fuskarta. Na miƙe na ce masa, "Ina zuwa." Kuma ni in na faɗa, da gaske nake.

Abin da na tarar a falon ciki sai da na riƙe labule. Wani siririn saurayi mai tabarau, da riga mai dogon hannu da katin aiki rataye a wuya, yana zaune a tsakiyar doguwar kujera. Faranti a gwiwarsa ta dama, faranti a ta hagu, kofin shayi a hannu ɗaya, kofin lemo a ɗayan, ba shi da ko hannun da zai kare kansa. Daga baya na ji cewa da babban yatsa ya tura wa Anti saƙo lokacin da aka shiga ɗauko masa ƙarin kek. Ashe ya iso tun kafin huɗu, Gwaggo kuma tana tsaye a get. Ba ta taɓa ganin ɗan ƙawar tata ba, hoton shagonsa kawai aka nuna mata. Tana ganin saurayi da jaka ta yi ciki da shi.

Kuma bawan Allah yana da in'ina. Shi ya sa ma yake ba da lokacinsa ga ofishin Anti, don shi ma ta can ya bi ya sami aiki. Gwaggo kuwa a duniya ba ta taɓa barin mai lafiyar baki ma ya ƙarasa magana ba.

Ina tsaye na ji yana cewa, "Hajiya, ni na zo ne in yi mata t... t..."

"Tayi! Mun sani, ɗana, mun sani. Sha shayinka."

"A'a, wurinmu ne muke neman m... m..."

"Mata ta gari. Ka zo gidanta."

"In ta yi ƙoƙari za mu iya ɗau... ɗau..."

"Ɗaukarta? Kai, yaran yanzu da gaggawa! A bari ta gama jarrabawa mana."

Mama na gefe tana ta zuba: "Auta ai ba ruwanta. Son mutane gare ta, in gida ya cika ta fi kowa murna. Lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba ta yi." Na ga ya dubi jakarsa, inda na san akwai bayanin da ni da Anti muka tura, wanda ya ce akasin haka layi bayan layi.

Na ce, "Gwaggo, ki bar shi ya ƙarasa."

Duk suka juyo. Gwaggo ta ce, "Ke wa ya kira ki? Koma ciki!"

"Ki bar shi ya ƙarasa maganarsa."

Na je na karɓi kofunan daga hannunsa na ajiye, na sauke farantan. Na tsaya ina kallon katin wuyansa, ba fuskarsa ba, na jira. Ya ja numfashi. Ya ɗauki lokaci, kalmar farko ta maƙale ta maƙale sannan ta fito, ban taya shi ba, kuma da Gwaggo ta buɗe baki na ɗaga mata hannu, abin da ban taɓa yi ba tun da nake.

"Tambayoyi," ya ce. "Na zo in yi mata tambayoyi. Muna neman ma'aikata. Daga kamfanin jigilar kaya nake. Ofishin makarantarsu ne ya turo ni."

Gwaggo ta dubi Mama. Mama ta dubi kek ɗin da ya rage.

"To ina ɗan ƙawata?" in ji Gwaggo.

"Ga ni, Hajiya." Mai katifa ne a bakin ƙofa, hula a hannu. Ashe bai jira ni ba. Ya gaishe su har ƙasa, sannan ya ce, "Na yi tunani. Na yarda da kwana ukun a gida. Hutun ƙarshen mako ma a ba ta. Gwajin ne dai ban yarda ba. Kuma maganar otizim ɗin nan kar ta dami kowa, akwai wata sabuwa da aka kawo mana mai inci goma sha biyu."

"Kin gaya masa?" in ji Mama. "Auta, kin gaya masa?"

"Na ɗauka intabiyu ne."

"Da intabiyun ne ma sai ki faɗa? Wa zai ɗauke ki in kin faɗa?" Ta zauna a hannun kujera, mayafinta ya zame ba ta gyara ba. Ba faɗa take ba, da faɗa ne da na san yadda zan yi. "Ni ba don na gaji da ke ba ne. Ina kwana ina tashi da tunanin ranar da ba ni, ba Babanki. Duniyar nan ba ta kashe wa kowa fanka, Auta. Ina so in ga wani ya riƙe ki kafin nan."

Ban iya amsa irin wannan maganar da sauri. Kalmomin suna nan amma layi suke bi. Na je na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na jingina da ita, don ta san in na yi haka me nake nufi.

Mai tabarau ne ya yi magana, kuma wannan karon ba wanda ya tare shi. A hankali, yana tsayawa yana ci gaba, ya ce wa Mama shi sai da aka ƙi ɗaukarsa a wurare da yawa, wasu tun kafin ya gama faɗin sunansa. Ya ce a inda yake yanzu akwai ɗaki a ƙarshen baranda da babu mai shiga sai da dalili, mutum huɗu ne a ciki, kowa da abin kunnensa, kuma su ne suke gano kuskuren da sauran kamfanin suka yi. Ya ce bayanin da na rubuto da kaina shi ya sa ya roƙa a turo shi.

Mama ta goge ido ta ce, "Ana biyansu dai ko?"

Ya ce ana biya.

Gwaggo, wadda duk ranar da ta faɗi sai ta ce da ma zama za ta yi, ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "To ai shi ke nan. Ni dai na riga na binciki wannan, na san kakansa, na san unguwarsu, ba ya shan taba. Ba za a yi asarar bincike ba." Ta juya ga mai katifa. "Kai kuma ka makara, ka ji da kyau."

"Amma ni na ci intabiyu," in ji shi.

Ba a yi gwajin ba ranar. Mai tabarau ya tafi da kek a leda, wanda Mama ta tura masa a jaka da ƙarfi. Mai katifa ya ƙi mayar min da sibi ɗina, ya ce zai nuna wa innarsa. Ni kuma na shige ɗaki na tuɓe leshin nan na jefa shi bayan ƙofa, na sa rigata ruwan toka, na kwanta a ƙasa ina kallon silin har jikina ya dawo nawa.

Bayan magariba saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba.

"Ni ne na ɗazu, mai tabarau. Anti ce ta ba ni lambarki, ta ce in gaya miki ta yi dariya har kekenta ya gangara. Akwai gurbi na gaske a ɗakin da na faɗa. Intabiyu ranar Litinin ƙarfe goma. Zan turo miki tambayoyin a rubuce, kuma za a kashe fanka."

Na tashi zaune. Kafin in amsa wani ya sake shigowa.

"Amma ni ba zan zauna cikin masu yi miki tambaya ba. Na gaya wa shugabata ta sa wani. Bayan abin da ya faru yau, ba na jin zan iya yin adalci."

Masu karatu, kun san ni da irin wannan magana mai ƙofa biyu. Ba zai iya adalci ba don Gwaggo ta azabtar da shi da kek, ko don wani abu dabam? Na juya saƙon ta kowace fuska. Na fara rubuta wa Anti in tambaye ta, na goge. Yau ɗin nan kaɗai na ga abin da zato ya jawo wa gida guda. Sai na rubuta masa:

"Na gode, zan zo. Ban gane saƙo na biyu ba. Kana nufin haushina kake ji, ko kana nufin sona kake? In na biyun ne ka ce e, in ba shi ba ne ka ce a'a. Ba zan ji haushi ba, ina so in san inda zan ajiye maganar ne."

Na tura kafin in ji tsoro. Alamar yana rubutu ta fito. Ta ɓace. Ta sake fitowa, ta daɗe, ta ɓace. Na ajiye wayar a kan gado na koma bakin ƙofa ina kallonta daga nesa.

Sai ta fara ruri. Kira, jama'a. Ni da ko Mama ta san ba a kira na, sai dai a rubuto. Shi kuma mutumin da kowace kalma sai ya yi kokawa da ita, ga allon rubutu a hannunsa, ya ajiye ya zaɓi ya kira.

Na ɗaga. Ina jin numfashinsa, da ƙarar ledar kek a kusa da shi.

"A..." ya ce. "A... a..."

Na runtse ido na ƙanƙame wayar. Kalma uku na sani da ke farawa haka. Akwai a'a. Akwai assalamu alaikum. Ta ukun kuwa ita ce wadda a wurin Gwaggo take maganin komai, har ciwon haƙori. Na toshe bakina da hannu don kar in taya shi, na jira.